Kara da Yumɓu a Ajin Farko

 Sharhinmu na yau ya shafi wata mas'ala wadda manya ba su cika ba ta muhimmanci ba, saboda ganin da suke yi mata na sha'anin yara, alhali kuwa yawancin abin da yaro zai zama a fagen ilmi a nan yake somawa, watau mas'alar wasa da aikin hannu a azuzuwan farko na makarantar firamare, daga aji ɗaya zuwa aji uku. Na kuwa zaɓi in ɗora zancen a kan garin Wurma, cikin ƙasar Kurfi, da sauran garuruwan da ke tsakaninsa da Dutsin-Ma, domin ƙasa ce ta manoma da makiyaya, wadda Allah Ya hore wa kara da kaba da yumɓu da yashi, kayan da nake son in nuna muku cewa sun isa su zama kayan koyarwa, in an sami malamin da ya san darajarsu.

Bari mu fara da tambayar kanmu: yaron da aka kai aji ɗaya yana ɗan shekara shida, da me ya zo? Galibin mutane sun ɗauka ya zo ne da kai fanko, sai abin da malam ya zuba masa, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar gida da la'asar sakaliya, ya zura wa 'yan mata ido suna carafke, ya san ba haka al'amarin yake ba. Yarinya za ta watsa tsakuwa a ƙasa, ta jefa guda sama, ta kwashi na ƙasa kafin ta saman ta sauko, ta cafe ta, tana yi da fari ɗai ɗai, sa'an nan bibbiyu, sa'an nan uku uku, idonta na sama, hannunta na ƙasa, zuciyarta kuwa tana lissafin abin da ya rage. In tsakuwa goma ce a ƙasa, tana kwasa uku uku, ta sani tun kafin ta gama cewa sau uku za ta kwasa, guda ta yi saura, kuma in ƙawarta ta yi mata ha'inci ta ɓoye ɗaya, nan take za ta gane. To, wannan fa shi ne rabawa da saura, wanda za a zo a rubuta mata a allo bayan shekara biyu ko uku, a ce mata abu ne mai wuya, ta kuwa yarda cewa mai wuya ne, domin babu wanda ya gaya mata cewa abin da ta saba yi da yatsunta ne aka sake wa kama.

Haka nan yaron da ya zauna gindin bedi kusa da dattawa suna dara. Ya ga an haƙa gurabe layi biyar, kowane layi gurbi shida, talatin ke nan, ya ga kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsinke, wancan da dutse, ya ga bayan an gama dasawa gurbi shida sun rage, waɗanda a cikinsu ne ake motsi, har mutum ya jera uku ya ci na abokinsa. Yaron nan ya sha kallon ninkawa da tarawa da ɗebewa a fili ɗaya, ya kuma koyi abin da ya fi su tsada, watau yin tunani kafin a miƙa hannu, da hango abin da abokin karawa zai yi in an yi kaza.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, duk da haka, shi ne motar kara, kuma ina roƙon masu sauraro su yi mini haƙuri in ɗan daɗe a kanta. Bayan an girbe dawa, yaro zai zaɓi kara mai kauri wanda bai ruɓe ba, ya yanka gaɓa gaɓa, ya ɓare ɓawon a hankali don kada ya yanke shi, domin ɓawon kara yana da kaifi, ya ware totuwa gefe guda, ya tsaga ɓawon ƙanana ƙanana ya mai da su ƙusoshi. Sa'an nan ya gwada totuwa biyu ya ga tsawonsu ya zo daidai, in ɗaya ta fi sai ya rage ta, ya gitta gajeru a tsakani, ya soke su da tsagin ɓawo, har gindin mota ya tsaya da kusurwa huɗu. Daga nan ya nemo sakaina, ko tsohon silifa, ya zana da'ira ya fafe ƙafafu huɗu, ya huda kowace a tsakiya, kuma ya sani sarai cewa in hudar ta kauce daga tsakiya motar za ta riƙa ɗingishi, in kuwa ramin ya matse sandar ƙafa ba za ta juya ba. Ba wanda ya karanta masa ma'anar da'ira, ko cibiyarta, ko layi biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su haɗu ba, amma hannunsa ya san su duka, ya kuma san haƙuri, domin motar takan karye a sake ta, a kuma sakewa, ba tare da an tilasta shi ba.

Wannan yaron, da wannan yarinyar, su ne ake tarawa da safe a zaunar a ƙasa ko a benci, a ce su naɗe hannu, malam ya rubuta a allo ya karanta da ƙarfi, su amsa da ƙarfi, tun daga ɗaya har ɗari, yau haka, gobe haka, har zango ya ƙare. Sai ka iske yaro yana iya rera ƙidaya daga farko zuwa ƙarshe ba tuntuɓe, amma in ka nuna masa 47 ita kaɗai ka ce mene ne wannan, sai ya yi shiru, ko ya koma farko ya faro. Ban ce hadda ba ta da fa'ida ba, mu da muka gaji haddar Alƙur'ani ba za mu raina hadda ba har abada. Abin da nake cewa shi ne lissafi da karatun boko suna bukatar fahimta kafin hadda, ƙaramin yaro kuwa fahimtarsa ta hanyar hannu da ido take shiga, kuma duk makarantar da ta ɗaure masa hannu ta toshe babbar ƙofar da ilmi zai bi.

Na san akwai dattawa masu mutunci da za su ce, mu ba mu aika 'ya'yanmu makaranta don su yi wasa ba, wasa ai yana nan a gida. Wannan magana tana da nauyi, domin ta fito daga kishin tarbiyya, saboda haka ya kamata a amsa ta da hujja daga malamanmu na Musulunci, waɗanda ba za a tuhume su da sakaci ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya yi bayani a cikin Ihya'u Ulumid Dini, a wurin da yake zancen tarbiyyar yara, cewa ya kamata a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga karatu, domin hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe zuciyarsa, ya dushe kaifin hankalinsa, har ya riƙa neman dabarar guje wa karatun baki ɗaya. Ibnu Haldun kuma, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1406, ya keɓe fasali guda a cikin Muƙaddimarsa a kan cewa tsanantawa ga masu koyo tana cutar da su, tana koya musu kasala da ƙarya da ɓoye abin da ke ransu saboda tsoron duka. Gaskiya ne Gazali yana zancen wasa bayan karatu ne, ni kuwa ina zancen shigo da shi cikin darasi, amma asalin ɗaya ne, watau sanin ɗabi'ar yaro da bi da shi ta inda Allah Ya halicce shi.

Hasali ma, in muka dubi makarantar allo da idon basira, za mu ga aikin hannu yana cikinta tun fil azal. Almajiri shi ke wanke allonsa ya shanya, shi ke feƙe alƙalaminsa, ya koyi haɗa tawada da ƙaro, kuma tun yana babbaƙu malamai suka laƙa wa haruffa sunaye na Hausa gwargwadon siffarsu da wurin da suka faɗo, irin su nun guda da mim jaye, don yaro ya ga harafi kamar wani abu da ya sani, kafin ya wuce zuwa farfaru. Magabatanmu ba su karanta littattafan Turawa a kan koyarwa ba, amma sun gane cewa yaro yana riƙe abin da ya gani ya taɓa.

Su ma Turawan a makare suka gano wannan. Wani Bajamushe, Firobel, shi ya kafa makarantar ƙananan yara a ƙasarsu wajen shekarar 1837, ya tanadi ƙwallaye da guntayen katako masu kusurwa waɗanda yara ke harhaɗawa suna warwarewa. Bayansa wata likita 'yar Italiya, Mariya Montesori, ta buɗe gidan yara a wata unguwar talakawa ta birnin Rum a shekarar 1907, ta yanka haruffa da takarda mai kaushi don yaro ya bi su da yatsa kafin ya riƙe alƙalami. A lura fa, 'ya'yan matalauta ta fara da su, ko da yake a yau sunanta ya zama abin da makarantun kuɗi ke liƙawa a ƙofa. A nan ƙasarmu kuwa, sa'ad da Baturen nan da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a shekarar 1909, da Hausa aka koyar, kuma an haɗa da sashen sana'a inda ake koyon dukanci da sassaƙa da ƙira da ɗinki. Manufar ilmi ta ƙasa, wadda aka fara bugawa a 1977 aka kuma yi ta sabuntawa, ta tanadi cewa wasa ne babbar hanyar koyar da yara kafin firamare, cewa koyarwa a firamare ta zama ta aikatawa da gwadawa, ta kuma ƙayyade malami guda ga yara 35. Ashe ke nan abin da nake kira gare shi ba bidi'a ba ne, yana rubuce a takardun hukuma.

To, me ya faru? Amsar tana da tsawo, amma a taƙaice, tun da aka buɗe ƙofar ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976, yara suka yi ambaliya, aka ɗauki malamai da gaggawa, azuzuwa suka cika, kuma malamin da ke gaban yara masu yawan gaske, ba alli isasshe, ba littafi, ba abin da ya fi masa sauƙi irin ya sa su amshi. Sabon shirin ilmi kyauta da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, ya kawo gine-gine da kujeru a wurare da dama, amma gini ba ya sauya yadda ake koyarwa. Akwai kuma wata illa wadda take ci mini rai ƙwarai, ita ce yadda darasin aikin hannu ya lalace a makarantu da yawa, har ya zama in ƙarshen zango ya zo sai a ce kowane yaro ya kawo tsintsiya ko faifai, uwa ta sayo a kasuwa ta ba shi, ko a karɓi kuɗi a madadinsa a rubuta masa maki. Wannan ya fi rashin darasin muni, domin an koya wa yaro tun yana ƙarami cewa ana sayen sakamako, an kuma sa masa hannu cikin ƙarya da sunan makaranta. Duk shugaban makarantar da ke sauraro, in ana yin haka a wurinsa, ina roƙonsa don Allah ya hana.

Yanzu bari in juya ga malamin aji, ko malamar aji, in faɗi abin da za a iya farawa da shi gobe da safe ba tare da an jira kwabo daga ofishin ilmi ba. Abu na farko, kuma wanda na fi ba muhimmanci, shi ne damin goma. A sa yara su yanko sillen kara tsawon ɗan yatsa ko fiye kaɗan, kowa ya tara nasa, su ƙirga goma su ɗaure da zaren kaba, wannan dami ɗaya ke nan. In malam ya rubuta 32, yaro ya ajiye dami uku da sille biyu, in ya rubuta 23, ya ajiye dami biyu da sille uku, ya gani da idonsa cewa ba ɗaya suke ba, ko da yake alƙaluman iri ɗaya ne. Sa'an nan a ce ya ɗebe 17 daga 32. Zai duba ya ga sille biyu ne a warware, ba za a cire bakwai daga biyu ba, sai ya tsaya yana tunani, kuma a nan ne nake roƙon malam ya kame bakinsa ya ba shi lokaci, domin ba da jimawa ba wani daga cikinsu zai ce, malam, in kwance dami ɗaya? Ya kwance, ya sami goma sha biyu a warware da dami biyu a ɗaure, ya cire bakwai, biyar suka rage, ya cire dami ɗaya, ɗaya ya rage, ya ce goma sha biyar. Wannan aron da ake cewa a ara daga maƙwabci, wanda yara ke yi shekara da shekaru ba su san dalilinsa ba, ga shi yaro ya gano shi da kansa, kuma abin da mutum ya gano da kansa da wuya ya manta.

Daga nan sai wasan kasuwa. A keɓe kusurwar aji, a jera guntsu da 'ya'yan tsamiya da ƙwallon magarya kashi kashi, a yanka kwali a rubuta naira biyar, goma, ashirin, hamsin, wasu su zama masu kaya, wasu masu saye, a yi ciniki a ba da canji, wanda ya ba da canji ba daidai ba ya sauka wani ya hau. A kawo tiya da gwangwani da yashi, a tambaye su gwangwani nawa zai cika tiya, kowa ya faɗi zatonsa a rubuta, sa'an nan a auna a ga wanda ya fi kusa. Yaran karkara, musamman 'yan mata masu talla, sukan fi malam saurin canji, kuma ranar da yarinyar da kullum take ƙarshen aji ta ga ita ce gwanar wannan fage, ranar ce za ta fara yarda cewa makaranta tata ce.

Ga karatu kuwa, yashi da yumɓu sun isa. Kafin a ba yaro fensir, a fitar da shi fili ya share ƙasa ya rubuta harafi da yatsa, babba, yana faɗin sautinsa, in ya ɓata ya shafe ya sake ba tare da tsoron jan biro ba. Sa'an nan a kwaɓa yumɓu, kowa ya murza shi kamar igiya ya lanƙwasa harafi, a shanya a rana. Malamai sun san irin wahalar da yara ke sha wajen rarrabe b da d, balle a zo ga ɓ da ɗ da ƙ masu lanƙwasa a ka, amma yaron da ya gina su da hannunsa, ya san ta wane gefe cikin kowanne ya fito, ya kuma ɗora masa ƙugiya da kansa, ba zai riƙa rikita su kamar da ba. In haruffan sun bushe sai su zama kayan wasa: a zuba su a faifai, malam ya ce a haɗa mini baki, ƙungiyar da ta riga ta ci, sa'an nan ya ce a cire k a sa ƙ, su karanta su ji yadda ma'ana ta sauya. Launi ma ba sai an saya ba, ga gawayi, ga farar ƙasa, ga jar ƙasa, ga karan dafi da shuni, ga ƙaro na liƙi.

Kacici-kacici da tatsuniya ba sai na tsaya a kansu ba, kowa ya san daɗinsu. Abin da zan ƙara kawai shi ne, in an yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kada a tsaya a nan, a tambayi yara me ya fara faruwa, me ya biyo baya, don me Gizo ya yi haka, sa'an nan su gina Gizon da yumɓu su maimaita labarin da bakinsu. Duk wannan kuwa da Hausa za a yi shi, kuma inda akwai 'ya'yan Fulani a bar su su kawo nasu da Fulatanci, domin gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da harshen uwa ba su koma baya ba, har a Turancin ma.

Akwai wani wasa guda da nake son 'yan aji uku na ƙasar Katsina su sani, saboda gadonsu ne. Wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, masanin hisabi da ilmin taurari, wanda ya tafi Gabas ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a shekarar 1732 a kan yadda ake jera alƙaluma cikin gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, kuma masu tarihin lissafi a duniya suna ambatonsa har yau. Ba zancen tsibbu nake yi ba, zancen hisabi nake yi tsantsa. A zana gida tara a ƙasa, uku uku, a ba yara sakaina tara da aka rubuta 1 zuwa 9, a ce su jera su yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da 15. Za su yi ta tarawa suna rushewa, su yi lissafin da ya fi na shafi uku na littafi ba su sani ba, har wani ya lura cewa sai 5 ta zauna a tsakiya al'amari ke daidaita. Ranar da suka warware shi, malam ya gaya musu sunan malamin nan, da garin da ya fito.

Sai dai akwai sharuɗɗa, domin ba kowane wasa ne darasi ba, kuma malamin da ya saki yara a fili ya koma inuwa yana latsa waya, ya ce ai wasa suke koyo da shi, ya ci amanar da aka ba shi. Wajibi ne kafin a fara malam ya san abin da yake nufin yaro ya fahimta, bayan an gama kuma a koma allo a rubuta abin da aka yi da alƙaluma ko da haruffa, don a ɗaure abin da hannu ya yi da abin da ido zai karanta. In aji ya yi yawa, a raba shi ƙungiya ƙungiya, a ɗora wa kowace mai kula daga cikin yaran da suka riga suka gane, a fita gindin itace in ɗaki ya yi kaɗan. Wuƙa da reza su zauna hannun malam, a kuma sa ido ga ƙanana kada su cusa 'ya'yan itace a hanci ko kunne. Kada kuma a ce mota ta maza ce, saƙa ta mata ce, a aji kowa ya taɓa kowane.

Ba zan yi zancen Wurma in tsallake abin da ke zukatan mutanenta ba. Garin nan ya ga tashin hankalin 'yan bindiga, an afka masa a 2019 an tafi da mutane, kuma ƙasashen Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari sun sha irin wannan musiba, ga kuma sace 'yan makarantar Ƙanƙara da aka yi a watan Disamba na 2020, wanda ya sa iyaye da yawa suka ji tsoron makaranta kanta. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Yaron da ya kwana yana jin harbi, ko ya kwana a daji a bayan uwarsa, in ya zo aji da safe jikinsa ne kawai ya zo, kuma tsawa da bulala ba abin da za su ƙara masa sai firgita. Amma in aka sa masa yumɓu a hannu, ya zauna cikin 'yan'uwansa yana murzawa, sau da yawa za ka ga numfashinsa ya daidaita, bakinsa ya buɗe, wani ma ya gina abin da ya gani wanda ya kasa faɗa. Saboda haka a irin wannan ƙasa tamu wasa a makaranta yana cikin jinƙai, kuma malamin da ya yi shi da kyakkyawar niyya ina kyautata zaton yana da lada.

Kirana na farko ga Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, wadda ke ɗauke da sunan Wazirin Katsina, ministan ilmi na Jihar Arewa a zamanin Sardauna, da kuma sashen ilmi na Jami'ar Tarayya da aka kafa a garin a 2011: kada ɗalibi ya fita koyon koyarwa sai ya haɗa akwatin kayan aikinsa da hannunsa, daga abin da ke samuwa a ƙauyen da za a tura shi, a kuma duba shi a aji yana amfani da su. Ga hukumar ilmin firamare ta jiha da sakatarorin ilmi na Kurfi da Dutsin-Ma, ina roƙon masu duba makarantu, in sun iske aji yana ƙara saboda yara na ciniki da kuɗin kwali, su tsaya su saurara kafin su yanke hukunci. Ga kwamitocin makarantu da masu unguwanni, a gayyato maginiyar tukwane, da mai saƙar tabarma, da mai tufkar igiya, kowanne ya ba da sa'a guda a zango, yara su ga cewa sana'ar iyayensu tana da mazauni a makaranta.

Ku kuma iyaye, in yaro ya dawo da laka a riga ya ce a makaranta aka sa su gini, kada ku yi masa faɗa, ku tambaye shi me ya gina, ku sa ya karanta muku. In kaka ta yi, aka girbe gero da dawa, kafin a kwashe kara a yi darni ko dabbobi su bi ta kansa, kowane gida ya ware dami guda mai kyau ya aika wa malamin aji ɗaya.